Ihu Bayan Hari: Ikon Shugaban Amurka na Kai Farmaki da Iyakar da Doka Ta Gindaya Masa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tambayar ko shugaban Amurka yana da hurumin ba da umarnin kai hari kan wata ƙasa ba tare da yardar majalisar dokoki ba. Ta bi sawun lamarin daga abin da kundin tsarin mulkin 1787 ya tanada, zuwa Dokar Ikon Yaƙi ta 1973, zuwa fatawoyin da lauyoyin gwamnati suka riƙa bayarwa daga yaƙin Koriya har yau. Matsayar da ta ɗauka ita ce iyakar tana nan a rubuce, abin da ya ɓace shi ne mai tsaron ta. Ɓangaren zartaswa ne ke auna kansa da mudun da shi ya sassaƙa, kotuna sun janye jiki, ita kuma majalisa ta gano cewa shiru ya fi ƙuri'a riba.

Gabatarwa



A daren 21 wayewar 22 ga Yunin 2025 jiragen yaƙin Amurka da suka taso daga jihar Mizuri suka yi ruwan bama-bamai kan cibiyoyin nukiliyar Iran da ke Fordo da Natanz, wani jirgin ƙarƙashin teku kuma ya harba makamai masu linzami kan ta Isfahan. Babu ƙuri'ar da aka kaɗa a majalisa kafin wannan dare. Sai ranar 27 ga wata Majalisar Dattawa ta zauna kan ƙudurin Sanata Tim Kaine, wanda ya nemi a hana ƙara kai hari sai da izini, ƙudurin kuma ya faɗi da ƙuri'a 47 da 53. Bahaushe ya riga ya raɗa wa irin wannan suna tun da daɗewa: ihu bayan hari. Bambancin kawai shi ne a nan ihun ma bai samu rinjaye ba.

Idan aka tambayi ko harin ya halatta, tambayoyi biyu ne aka cusa a jaka ɗaya. Akwai ko dokar ƙasa da ƙasa ta yarda Amurka ta kai shi, akwai kuma ko dokar Amurka ta yarda shugaban ƙasa shi kaɗai ya yanke shawarar. Ta biyun ce za ta ci mafi yawan lokacinmu, domin ita ce tambayar wa ke riƙe da linzami.

Abin da aka rubuta a Filadelfiya

Waɗanda suka tsara kundin 1787 sun fito ne daga ƙarƙashin sarautar Ingila, inda yaƙi da sulhu duk na sarki ne. Da gangan suka raba wannan iko gida biyu. Babi na ɗaya, sashe na takwas, ya ba majalisa ikon shelanta yaƙi, da kafa rundunar ƙasa da ta ruwa, da tsara dokokin tafiyar da su, har ya ce kuɗin da za a ware wa rundunar ƙasa kada ya wuce na shekara biyu a lokaci guda. Babi na biyu ya naɗa shugaban ƙasa babban kwamandan askarawa, bai ƙara bayani ba.

Muhawarar 17 ga Agustan 1787 ce ta fi haska niyyarsu. Daftarin farko ya ba majalisa ikon "yin" yaƙi. James Madison da Elbridge Gerry suka nemi a mayar da kalmar "shelanta" yaƙi, dalilinsu kuwa a bar wa shugaba damar tare harin ba-zata ba sai ya jira majalisa ta taru ba. A zamanin da ɗan majalisa kan yi makonni a kan doki kafin ya isa zauren taro, wannan hankali ne. A wannan zama Pierce Butler na Karolina ta Kudu ya ba da shawarar a damƙa wa shugaba ikon gaba ɗaya, Gerry ya mayar masa da martanin cewa bai taɓa zaton zai ji irin wannan magana a jamhuriya ba, shawarar ta mutu a nan. Abin da aka bar wa shugaba ke nan: tare hari. Fara shi na majalisa ne.

Shugabannin farko sun tsaya a kan haka. A 1793 George Washington ya rubuta cewa ba za a ɗauki wani babban matakin farmaki kan ƙabilar Kirik ba sai majalisa ta yi shawara ta ba da izini. Kotun Ƙoli ma ta taɓa nuna ƙarfin hali. A rikicin teku da Faransa, majalisa ta ba da izinin kama jiragen Amurka masu zuwa tashoshin Faransa, gwamnatin John Adams kuma ta faɗaɗa umarnin ya haɗa da masu fitowa daga can. Wani kyaftin ya bi umarnin shugaba ya kama jirgi. A 1804 Babban Joji John Marshall ya yanke hukuncin cewa umarnin shugaba bai goge iyakar da majalisa ta ja ba, aka ɗora wa kyaftin ɗin biyan diyya. A shari'ar jiragen da aka kama lokacin yaƙin basasa, a 1863, kotun ta goyi bayan Shugaba Lincoln da alƙalai biyar da huɗu, amma a kan cewa yaƙin ne ya same shi a gida, ba shi ya je nemansa ba.

A duk tarihinta Amurka ta shelanta yaƙi sau goma sha ɗaya, a yaƙe-yaƙe biyar: da Ingila a 1812, da Meziko a 1846, da Sifaniya a 1898, sai yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Shela ta ƙarshe ita ce ta Yunin 1942, kan Bulgeriya da Hungari da Romaniya.

Yadda al'ada ta zama hujja

A Yunin 1950 Harry Truman ya tura sojoji Koriya bai nemi izinin majalisa ba, ya yarda a kira abin aikin 'yan sanda a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Aikin 'yan sandan ya ɗauki shekara uku, ya ci rayukan Amurkawa fiye da 36,000, ban da Koriyawa da Sinawa da suka ninka haka sau da yawa. Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne takardar da Ma'aikatar Harkokin Waje ta fitar don kare matakin. Ta jero lokuta fiye da tamanin da shugabanni suka yi amfani da soja a waje ba tare da shela ba. Mafi yawansu ƙananan abubuwa ne, korar 'yan fashin teku, ko saukar da sojan ruwa kaɗan don tsare ofishin jakadanci na 'yan kwanaki. Da waɗannan aka kafa hujjar yaƙin da ya haɗa dubban ɗaruruwan mayaƙa. A 1966, da aka zo kare yaƙin Biyetnam, jerin ya kai aƙalla 125, kuma Koriya ta shiga ciki a matsayin misali.

Dabarar ke nan, kuma har yau ba ta canja ba. Duk harin da aka kai majalisa ba ta tanka ba, sai a rubuta shi a littafi, gobe a buɗe littafin a ce ai an saba. Tushen dabarar a fagen shari'a yana cikin hukuncin 1952 kan masana'antun ƙarfe da Truman ya ƙwace don kada yajin aiki ya tsayar da kayan yaƙi. Kotu ta ce ba shi da wannan iko. Amma a ra'ayinsa na daban, Mai shari'a Felix Frankfurter ya ce al'adar da ɓangaren zartaswa ya daɗe yana bi ba yankewa, da sanin majalisa, ba tare da ta taɓa ƙalubalantar ta ba, tana iya zama fassarar ikon shugaba. Mai shari'a Robert Jackson kuma ya kasa ikon kashi uku: ya fi ƙarfi idan majalisa ta ba da izini, yana cikin duhun magariba idan ta yi shiru, ya fi rauni idan ta hana. Kusan duk hare-haren da muke magana a kansu a wannan magaribar suke faruwa. Jackson ya yi gargaɗi a wurin cewa majalisa ce kaɗai za ta iya hana ikonta zubewa ta tsakanin yatsunta.

A Agustan 1964 ta nuna yadda take zubar da shi da hannunta. Bayan rahoton hari kan jiragen ruwan Amurka a mashigin Tonkin, wanda na biyunsa daga baya ya tabbata bai auku ba, Majalisar Wakilai ta ba Lyndon Johnson izini da ƙuri'a 416 babu ko ɗaya mai adawa, ta Dattawa da 88 da 2. Wayne Morse da Ernest Gruening ne kaɗai suka ƙi. Amurkawa fiye da 58,000 suka mutu a yaƙin Biyetnam da ya biyo baya, Richard Nixon kuma ya faɗaɗa shi da ruwan bama-bamai a Kambodiya a asirce daga 1969.

Dokar 1973 da ramukan da ke cikinta

Daga wannan ciwo aka haifi Dokar Ikon Yaƙi. Nixon ya hau kujerar na-ƙi, majalisa ta tsallake shi ranar 7 ga Nuwamban 1973. Dokar ta ce shugaba na iya jefa soja cikin artabu a hali uku kawai: shelar yaƙi, ko izini na musamman daga majalisa, ko halin gaggawa da ya taso daga hari kan Amurka ko yankunanta ko sojojinta. Ta wajabta tuntuɓar majalisa duk inda ya yiwu, da kai rahoto cikin awa 48, da janye soja bayan kwana 60 idan ba a samu izini ba, tare da ƙarin kwana 30 don a fita lafiya. Ta kuma ce ba za a ɗauki ware kuɗi ko yarjejeniyar ƙawance a matsayin izini ba sai an faɗa ƙarara.

A takarda abin ya yi kyau. Sanata Thomas Eagleton, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo ƙudurin, ya ƙi jefa wa sigar ƙarshe ƙuri'a, domin a ganinsa ta ba shugaba kyautar kwana sittin zuwa casa'in na yaƙi da bai da su a da. Tarihi ya gaskata shi. Duk da dokar ta ce ba ta ƙara wa shugaba wani iko ba, lauyoyin gwamnati sun riƙa karanta wa'adin a matsayin amincewar majalisa cewa ƙaramin yaƙi na shugaba ne.

Sauran ramukan sun fito ɗaya bayan ɗaya. Agogon kwana sittin yana fara bugawa ne idan an kai, ko ya kamata a kai, rahoto a ƙarƙashin wani sakin layi na musamman, sai shugabanni suka koyi aika wasiƙa su ce sun yi haka ne don dacewa da dokar, ba su ambaci sakin layin ba. Gerald Ford ya ambace shi a 1975 kan jirgin Mayaguez, amma lokacin da wasiƙar ta isa faɗan ya ƙare. Sai hukuncin Kotun Ƙoli na 1983 a shari'ar Chadha, wadda batunta shige da fice ne, ba yaƙi ba. Hukuncin ya ce majalisa ba za ta ɗaure ɓangaren zartaswa da ƙudurin da ba a kai wa shugaba ya sa hannu ba. Da wannan aka karya haƙorin dokar, wato sashen da ya ba majalisa damar umartar janyewa da rinjaye mai sauƙi. A lura da yadda lissafi ya juye. Kundi ya ce sai an samu rinjaye kafin a fara yaƙi. Yanzu shugaba na farawa shi kaɗai, kuma sai an tara kashi biyu cikin uku a zauruka biyu kafin a tsayar da shi. Haka ta faru a 2019 kan yaƙin Yaman, da 2020 kan Iran: majalisa ta zartar, Donald Trump ya hau kujerar na-ƙi, magana ta mutu.

Akwai kuma ramin da masu dokar ba su hango ba. Biyetnam ce a ransu, yaƙin da ake tura matasa a hankali, bataliya bayan bataliya. Harin Ronald Reagan kan Tarabulus da Bengazi a Afrilun 1986 bai kai awa guda a sararin Libiya ba. Makamai masu linzami 59 da aka harba kan sansanin Shayrat na Siriya a Afrilun 2017 sun sauka kafin gari ya waye. Me agogon kwana sittin zai auna a nan?

Mudun da mai awo ya sassaƙa

Tunda kotu ba ta magana, wurin da ake samun cikakkiyar fatawa shi ne Ofishin Shawarar Shari'a da ke Ma'aikatar Shari'a, wanda shugaban ƙasa ke naɗa jagoransa. Daga shekarun 1990 ofishin ya gina ma'auni mai ƙafa biyu, ya fayyace shi a ra'ayinsa na 1 ga Afrilun 2011 kan Libiya, ya maimaita a Mayun 2018 kan Siriya. Ƙafa ta farko: shin shugaba na da dalilin ganin harin zai kare wata muhimmiyar maslahar ƙasa? Ta biyu: shin yanayin aikin da faɗinsa da tsawonsa sun kai a kira shi yaƙi a ma'anar kundi? Idan ba su kai ba, ba a bukatar majalisa.

Ƙafar farko ba ta ɗaukar nauyin komai. An lissafa kare rayukan Amurkawa, da zaman lafiyar yanki, da mutuncin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, da hana bala'in jin ƙai, da hana amfani da makami mai guba. Ƙasar da ke da sansanoni da kasuwanci a kowace nahiya, wuya a ga harin da ba za a samo masa maslaha a wannan jeri ba.

Ƙafa ta biyu ta fi, domin aƙalla ta amince akwai iyaka. Matsalarta biyu ce. Tana auna yaƙi da yawan haɗarin da sojan Amurka zai shiga, ba da abin da ya sauka kan mutanen ƙasa ba. Da wannan awo, jirgi marar matuƙi da makami mai linzami sun fitar da kusan kowane hari daga ma'anar yaƙi, ko da gari guda ya rushe. Sannan tana dogara da hasashen mai kai harin cewa abin ba zai yi nisa ba, alhali wanda aka kai wa harin ma yana da ta cewa. Ranar 3 ga Janairun 2020 Amurka ta kashe Janar Ƙasim Sulaimani na Iran kusa da filin jirgin saman Bagadaza. Kwana biyar bayan haka Iran ta harba makamai masu linzami kan sansanin Ainul Asad, sojojin Amurka fiye da ɗari suka samu rauni a ƙwaƙwalwa, a wannan daren kuma dakarun Iran suka harbo jirgin fasinjan Yukren bisa kuskure, mutum 176 suka halaka. Da makaman sun kashe sojoji da yawa, da an shiga babban yaƙi wanda babu wakilin jama'a ko ɗaya da ya zaɓa. Hujjar gwamnati ma ta riƙa sauya riga: da farko an ce akwai hari da ke gab da aukuwa, amma bayanin da aka kai majalisa a Fabrairu ya jingina da babi na biyu da kuma izinin yaƙin Iraƙi na 2002, wanda aka bayar don Saddam Husaini.

Libiya ta 2011 ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. A 2007, yana ɗan takara, Barack Obama ya shaida wa wata jaridar Boston cewa shugaba ba shi da ikon ba da umarnin hari shi kaɗai sai don tare barazanar da ta auku ko take gab da aukuwa. Ranar 19 ga Maris 2011 ya fara kai hari bai je majalisa ba. Da kwana sittin suka cika a watan Mayu, sai gwamnatinsa, ta bakin Harold Koh, lauyan Ma'aikatar Harkokin Waje, ta ce abin da ake yi bai kai "artabu" a ma'anar dokar ba, tunda babu sojan ƙasa, kuma dakarun Gaddafi ba sa iya mayar da wuta yadda za ta yi illa. An ruwaito cewa shugabar riƙo ta Ofishin Shawarar Shari'a da babban lauyan Ma'aikatar Tsaro ba su yarda da wannan fassara ba, shugaba ya zaɓi fatawar da ta yi masa. Abin mamaki, masu dokar 1973 sun ɗauki wannan kalma ne musamman don ta fi "rikicin makamai" faɗi. Mu da ke kudu da Sahara mun san cewa harin da aka kira taƙaitacce bai taƙaita ba. Rumbunan makaman Gaddafi sun watse, arewacin Mali ya faɗi a 2012, har yau yankin bai huce ba.

Kalmomi sittin

Ba kullum shugaba ke dogara da ikonsa na kundi ba. Ranar 14 ga Satumban 2001 majalisa ta ba da izinin amfani da ƙarfi kan waɗanda suka shirya harin 11 ga Satumba ko suka taimaka ko suka ba su mafaka. Jimlar da ke ɗauke da izinin kalma sittin ce a Turance, babu wa'adi, babu iyakar ƙasa. 'Yar majalisa Barbara Lee ce kaɗai ta ƙi, a ƙuri'a 420 da 1. Gwamnatoci huɗu sun ja wannan jimla kamar danƙo, ta hanyar ƙara mata "ƙungiyoyin da ke da alaƙa", kalmar da ba ta cikin rubutun. Ta kai Yaman da Somaliya, a 2014 kuma ta kai kan ƙungiyar IS, wadda ba ta wanzu a 2001 ba, kuma a lokacin ta riga ta raba gari da Alƙa'ida har suna yaƙar juna.

Kotu ta kau da kai

Wanda ya saba jin cewa komai a Amurka kotu ke raba shi zai yi mamaki a nan. A 1990 'yan majalisa fiye da hamsin suka kai George Bush babba ƙara kafin yaƙin Tekun Fasha, alƙali ya yarda cewa irin wannan yaƙi na bukatar izini, amma ya ce lokacin shari'a bai yi ba tunda ba rinjayen majalisa ne ya kawo kuka ba. A 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta kori ƙarar ɗan majalisa Tom Campbell kan yaƙin Kosobo bisa rashin hurumi, duk da an yi kwana 78 ana ruwan wuta, wato an zarce wa'adi. Mai masana'antar magunguna ta Al-Shifa da ke Khartum, wadda Bill Clinton ya sa aka rusa ranar 20 ga Agustan 1998 bisa zargin haɗa makami mai guba, ya bi kotuna shekaru, a 2010 aka ce masa batun na siyasa ne. A wannan shekarar mahaifin Anwar al-Awlaki ya nemi a hana kashe ɗansa, ɗan ƙasar Amurka. Mai shari'a John Bates ya kori ƙarar, amma bai ɓoye damuwarsa ba: ta yaya gwamnati ke bukatar izinin alƙali kafin ta saurari wayar ɗan ƙasa a waje, ba ta bukatarsa kafin ta kashe shi? A Satumban 2011 jirgi marar matuƙi ya kashe shi a Yaman.

Dokar ƙasa da ƙasa, a taƙaice

Sashe na 2(4) na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta amfani da ƙarfi kan wata ƙasa. Ƙofofin fita su ne izinin Kwamitin Sulhu, da kare kai a ƙarƙashin sashe na 51, da yardar ƙasar da abin ya shafa. Hare-haren Siriya na 2017 da 2018 ba su shiga ko ɗaya ba. Kan kisan Sulaimani, Agnes Callamard, mai bincike ta musamman ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce a rahotonta na Yulin 2020 Amurka ba ta kawo shaidar harin da ke gab da aukuwa ba, don haka kisan ya saɓa doka. Abin lura shi ne ƙofar dokar ƙasa da ƙasa da ta dokar Amurka ba sa buɗe wa juna. Ƙuduri mai lamba 1973 na Kwamitin Sulhu ya halatta kare fararen hula a Libiya, bai zama ƙuri'ar majalisar Amurka ba. Haka harin da Amurka ta kai a jihar Sakkwato ranar 25 ga Disamban 2025: gwamnatin Nijeriya ta ce da yardarta aka yi, wannan ya amsa tambayar 'yancin ƙasa, bai amsa tambayar wa ya ba da izini a Washintan ba.

Daddawa ma da wari

Da sauƙi a ɗora wa shugabanni laifi duka. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ranar 28 ga Afrilun 1999 Majalisar Wakilai ta ƙi shelanta yaƙi kan Yugoslabiya a rikicin Kosobo, ta ƙi umartar janyewa, ta yi kunnen doki 213 da 213 kan amincewa da hare-haren sama, bayan 'yan makonni kuma ta ware kuɗin ci gaba da su. A Yunin 2011 ta ƙi ba da izinin Libiya, a rana guda ta ƙi yanke kuɗinsa. A 2013 Obama ya kai mata batun Siriya da kansa, ba a kai ga ƙuri'a a zaure ba. A Fabrairun 2015 ya aika daftarin izinin yaƙi da IS, aka bar shi ya yi ƙura.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙuri'ar yaƙin Iraƙi ta 2002 ta bi Hillary Clinton har zaɓen fid da gwani na 2008, kowane ɗan majalisa kuma ya ga abin da ya same ta. Wanda bai jefa ƙuri'a ba yana iya yabawa idan an yi nasara, ya yi suka idan an sha kashi. Tun da aka daina tilasta shiga soja a 1973, iyalan da yaƙi ke taɓawa kai tsaye sun ragu, matsin da ke kan wakilai ya ragu da su. Ga kuma jam'iyyanci: mai kukan kundi a yau shi ne mai kare shugaba gobe idan nasu ya hau.

Shirun har ya kai ga rashin sani. Ranar 4 ga Oktoban 2017 aka yi wa ayarin sojan Amurka da na Nijar kwanton ɓauna a Tongo Tongo, Amurkawa huɗu suka mutu tare da abokan aikinsu 'yan Nijar. Manyan sanatoci irin su Lindsey Graham da Chuck Schumer suka fito suka ce ba su san yawan sojan da ƙasarsu ke da shi a Nijar ba, alhali kusan 800 ne, kuma tun Fabrairun 2013 fadar shugaban ƙasa ke ambaton Nijar a wasiƙun da take aika musu. An kai rahoton, ba a karanta ba.

Ba wai majalisar ba ta da makami ba ne. Duk lokacin da ta taɓa aljihu, an ji. Ta yanke kuɗin ruwan bama-bamai a Kambodiya daga 15 ga Agustan 1973, aka daina. Ta hana taimakon ɓoye ga mayaƙan Angola a 1976. Ta sa wa aikin Somaliya wa'adin 31 ga Maris 1994. A wasu ƙasashen ma an ga majalisa ta tsaya: ranar 29 ga Agustan 2013 Majalisar Ingila ta ƙi Firaminista David Cameron kan Siriya da ƙuri'a 285 da 272, ya haƙura, duk da al'ada ce ta ɗaure shi ba rubutacciyar doka ba. Kundin Nijeriya na 1999, wanda tsarinsa na shugaban ƙasa daga Amurka aka aro shi tun 1979, ya fi na asalin fayyacewa: sashe na 5 ya hana tura soja fagen fama a waje sai da yardar Majalisar Dattawa, in kuma gaggawa ce, a nemi yardar cikin kwana bakwai, ita kuma ta amsa cikin sha huɗu. A Agustan 2023 Majalisar Dattawan Nijeriya ta ƙi goyon bayan matakin soja kan Nijar tun kafin a harba harsashi ɗaya.

Gyaran da ake magana a kai

A Yulin 2021 sanatoci uku da ba su cika haɗuwa a kan komai ba, Chris Murphy da Mike Lee da Bernie Sanders, suka gabatar da ƙudurin gyara. Ya fassara "artabu" yadda zai haɗa da harin da aka kai daga nesa, ya rage wa'adi daga kwana 60 zuwa 20, ya sa kowane izini ya mutu da kansa bayan shekara biyu sai an sabunta, ya kuma sa kuɗi ya yanke kai tsaye idan babu izini. A ganina wannan na ƙarshen ne zuciyar gyaran, domin yana juya ma'anar shiru. A yau idan majalisa ta yi shiru yaƙi ya ci gaba, a ƙarƙashin ƙudurin kuwa idan ta yi shiru kuɗi ya tsaya, dole mai son yaƙi ya fito ya nemi ƙuri'a da sunansa. Ko shi ma bai magance harin dare ɗaya ba, wanda ke ƙarewa kafin kowane agogo ya fara.

Sai dai gyaran na bukatar ko dai sa hannun shugaban da za a rage wa iko, ko kashi biyu cikin uku. An samu wannan rinjaye a 1973 ne saboda Nixon ya hau kujerar na-ƙi ranar 24 ga Oktoba, kwana huɗu bayan ya sa an kori mai binciken badaƙalar Watergate, lokacin da 'yan jam'iyyarsa da dama suka fara ja da baya. Duk da haka a Majalisar Wakilai ƙuri'a 284 da 135 aka samu, wato da ƙyar aka haye. Ƙudurin 2021 kuwa bai kai ga ƙuri'a ba.